Kofi Na Biyu

Ranar da ya fara ganinta, ranar ya tafka kuskuren da bai taɓa yi ba a aikinsa.

Kowace Asabar da yamma yakan hau benen ɗakin karatun unguwa, ya ja labule, ya jera kujeru arba'in, ya kunna majigi. Finafinan da yake nunawa ba irin na kasuwa ba ne. Na 'yan gari ne masu ɗauka da waya ko kyamarar aro, wasu ma sai an gama kallo mutum ya tambayi na kusa da shi ina aka dosa. Mutum bakwai ke zuwa, in an yi sa'a tara, amma shi arba'in ɗin yake jerawa, ya kuma kwashe abinsa shi kaɗai. Sauran ranaku gyaran kwamfuta yake yi, ya koma ɗakinsa na haya inda ba mai ce masa sannu da zuwa. Mai Majigi ake kiransa. Ya fi sanin ƙeyar 'yan kallo a kan fuskarsu, don kullum a baya yake zama.

Ta zo a makare, ta miƙa masa fim ɗinta a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. Doka ce a wurinsa, ba ya nuna fim sai ya fara kallonsa. Amma da ta ɗago ta dube shi ta cikin farin tabarau, dokar ta bi iska.

Fim ya fara. Hannuwan wani dattijo ne suna gyaran agogo a kan tebur, gefe ga kofin shayi biyu. Ba fuska, ba sauti. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya bi. Gumi ya karyo wa Mai Majigi. Ya taɓa waya, ya jijjiga sifika, daga ƙarshe ya tsayar da fim, ya kunna fitila, ya shiga ba jama'a haƙuri, wai na'ura ce ta samu matsala.

Ta miƙe daga layin gaba. "Malam, ba abin da ya lalace. Haka na yi shi."

Ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da aka tashi ya nemo lambarta a takardar masu kawo fim, ya rubuta: "Na ɓata miki aiki a gaban mutum bakwai. Ki ba ni dama in gyara Asabar mai zuwa."

Ta amsa: "Takwas ne har da kai. Kuma kai kaɗai shirun ya dama, don haka na yafe."

A shagon tabarau take aiki. Dattijon da ke cikin fim ɗin mahaifinta ne. Shekara uku da rasuwar mahaifiyarta, har yanzu kofi biyu yake zubawa kowace yamma, ya sha ɗaya, ɗaya ya huce a wurin, kuma da ƙyar yake haɗa kalma goma a yini. Daga bakin ƙofa ta ɗauke shi bai sani ba. Ta cire sautin ne saboda haka gidan nasu yake.

Daga nan ta riƙa tsayawa tana taya shi kwashe kujeru. Ta raɗa masa Injiniya don tsokana, shi kuma yana ce mata Darakta. Wata rana ta tambaye shi me ya sa yake wahalar da kansa da kujerun da ba mai zama a kai. Ya ce ai ita ma da babu ita, ga shi ta zo. Ta sunkuyar da kai tana goge tabarau ɗin da ba shi da datti.

"Darakta, yau na yi wa kwamfuta uku magana, ba wadda ta amsa. Ina kewarki."

"Injiniyana, ka duba sifikarsu mana. Ni ma haka."

Da ya aika a nema masa izinin zuwa gida, sai aka tarar gwaggonta ta riga shi. Ta samu labarin fim ɗin, ta kai wa ɗan'uwanta, mahaifin yarinyar, da ƙari, cewa an manna shi a bango baƙi suna kallo. Ita dama ɗan mai shagon tabarau take so, mai mota da albashi. Dattijon ya ce mutumin da ke rataye baƙin cikin mutane a bango ba zai taka masa gida ba. Ko ganinsa ya ƙi yi.

Ta rubuto masa: "Injiniyana, ni na ɗauki fim ɗin, amma laifinka yake gani. Ba zan fita daga gidan nan ba da yardarsa ba. Ya riga ya rasa mutum ɗaya."

Asabar biyar ba ta zo ba. Yana jera kujeru, yana kwashewa. Sau biyu ya wuce ta gaban shagonsu ya ga motar nan a ajiye, ya juya. Yakan rubuta saƙo ya goge. Kaɗaicin da ya saba da shi a da yanzu ya fi ƙarfinsa, don ya ɗanɗana kishiyarsa.

Asabar ta shida aka wuni ana ruwa, ba wanda ya zo. Duk da haka ya jera arba'in ɗin. Yana shirin kunna majigi sai wani dattijo ya hau benen da lema a hannu. Da suka gaisa, Mai Majigi ya dubi hannun da ke cikin nasa, ya gane shi. Ya sha kallon yatsun nan a fim ɗinta fiye da sau ashirin, har tabon da ke kan babban yatsa ya sani.

Dattijon ya ce ya zo ya ga abin da aka nuna wa duniya. Ya zauna a tsakiyar kujerun. Fim ya fara.

Can ya waiwayo. "Sifikarka ta lalace ne?"

"A'a, Baba. Haka ta yi shi."

Minti goma sha ɗaya suka yi, ba abin da ake ji sai ruwa a kan rufi. A ƙarshen fim, hannun ya ajiye agogo, ya matsa ya gyara zaman kofi na biyu, sannan bango ya yi duhu. Mai Majigi bai kunna fitila ba. Tun ranar kuskurensa ya koyi barin mutane da shirunsu.

An jima kafin dattijon ya yi magana. "Na ɗauka ni kaɗai ne a ɗakin nan. Ashe tana tsaye a ƙofa." Ya dubi kujerun da ke kewaye da shi, ya tambaya ko kullum haka yake jera su ba kowa. Mai Majigi ya ce kullum.

Dattijon ya miƙe, ya ɗauki kujera ɗaya ya ɗora a kan wata, ya taya shi har suka gama. A bakin matakala ya tsaya.

"Shayin nan asararsa ake yi. Gobe da yamma ka zo ka sha."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. 'Yan kallon nan bakwai duk sun zo, ranar ce ya ƙare wa fuskokinsu kallo. Gwaggo ta gama cika da batsewa, ita ce kuma ta fi kowa kuka. Dattijon ya kama hannuwansu biyu ya haɗa a cikin nasa.

"Allah Ya yi muku albarka," ya ce. "Allah Ya cika muku gida da hayaniya."