Hannun da Ya Rage wa Baba

"Na ce ban ba shi ba!" in ji Baba.

Auta ta tsaya a tsakiyar falo da jakar aiki a kafaɗa, ko takalmi ba ta cire ba. Karo na uku ke nan Baba yana mayar da kawunnan mutumin da take so idan sun zo neman aurenta, kuma kowane karo da sabon dalilinsa.

"Baba, don Allah me ya yi?"

"Muryarsa ta yi ƙasa. Namiji yana magana kamar mai neman gafara!"

"Wancan watan cewa ka yi motarsa ta tsufa..."

"To ta koma sabuwa ne?"

Ji ta yi kamar ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Shekara shida tana aiki a ɗakin binciken ciwon dajin hanji, ta wuni ido a kan na'ura tana duba 'yan yankakkun tsoka, cikin dubban ƙwayoyi ta zaƙulo guda ɗaya mai mugunta. Amma dalilin tsohon nan ya gagare ta. Abin haushin ma, duk duniya babu wanda Baba yake yabo kamar wannan mutumin. Nas ne a sashen wankin ƙoda, inda Baba yake zuwa sau uku a sati tun da ƙodojinsa suka daina aiki. Marasa lafiya ne suka sa masa Sannu-Sannu, don kalmar ba ta barin bakinsa. A can Auta ta san shi wajen kai Baba da ɗauko shi, tun tana gaishe shi a tsaitsaye har ta koma ƙirƙiro tambayoyin da ta riga ta san amsarsu.

Goggo, ƙanwar Baba, tana kishingiɗe a doguwar kujera. Ita dama abin nema ya samu.

"Ke dai kin cika naci. Ga ɗan'uwanki nan, ɗana na cikina, me ya rasa? Jiya ma kwalin lemo guda ya kawo wa Yaya, da nonon ayaba har biyu."

"Goggo! Mai wankin ƙoda aka kawo wa ayaba da lemo? An hana shi! Ruwan ma aunawa ake yi!"

"Oho. Ni dai na ci, ba a yi asara ba."

Auta ta shige ɗaki ta buga ƙofa ta kira Sannu-Sannu a waya. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Zuciyata, na ji abin da ya faru. Sannu-sannu dai..."

"Ka ƙara ce mini sannu-sannu, wallahi sai na kashe wayar nan!"

Ya gyara murya.

"To... a hankali."

Ta kashe.

Ranar Laraba da hantsi ta ajiye aikinta ta nufi sashen wankin ƙoda ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ta ƙudura yau sai ta haɗa Baba da Sannu-Sannu ido da ido, kowa ya faɗi abin da ke ransa, ko ta ɓare ko ta ɗinke.

Kujeru takwas ne a ɗakin, kowace da na'urarta a gefe tana 'yar ƙara, siraran robobi cike da jini suna fita daga hannun mutum suna komawa. Bakwai suna aiki. A ta takwas Baba ne zaune, na'urarsa a kashe, ya cusa hannun dama cikin riga ya rungume shi a ƙirji. Wata nas da ake ce wa Doguwa tana tsaye a kansa da tiren allurai, da gani ta gaji da lallashi.

"Na ce zan jira shi," in ji Baba. "Ko zuwa la'asar ne."

Bai ga shigowar Auta ba. Ita kuwa ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, leɓensa yana rawa.

Sista, shugabar sashen, ta jawo ta ofis ta turo ƙofa.

"Gara da kika zo, ke ce kika sa hannu a takardunsa. Tun ƙarfe takwas yake zaune. An kira Sannu-Sannu ɗakin gaggawa, mahaifinki kuma ya ce ba mai taɓa shi."

"Saboda me, Sista?"

"Kin manta hannunsa na hagu? Jijiyar da aka haɗa masa a can ta lalace tun kafin ya dawo wajenmu, aka yi ta soke shi har ta toshe. Ta dama ce kaɗai ta rage, ga ta siririya, ga lanƙwasa. Shekara biyu Sannu-Sannu bai taɓa kuskure ta ba." Sista ta gyara tabarau. "Wata huɗu da suka wuce mahaifinki ya zo nan ya tambaye ni, wai gaskiya ne ma'aikaci ba ya duba ɗan'uwansa a asibitin nan? Na ce gaskiya ne. Ya ce har suruki? Na ce har suruki."

Auta ta nemi kujera ta zauna. Wata huɗu! Daidai lokacin da kawunnan suka fara zuwa.

Tana fitowa ta ci karo da Sannu-Sannu a baranda, yana sauri, abin da ba ta taɓa ganin ya yi ba. Ta tare hanya.

"Ka sani?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka sani, ka bar ni ina ta haukata a gida? Ina faɗa da Goggo a kan ayaba?"

"Rabin raina, mara lafiyata ne. Abin da na gani a kujerar nan ba nawa ba ne da zan kai miki." Ya sauke murya, ita da dama a ƙasa take. "Tun lokacin nake koya wa Doguwa hannunsa. Duk sokawar da zan yi tana tsaye tana kallo. Ta iya, wallahi ta iya. Shi ne bai yarda ba, kuma ba zan tilasta shi ba."

Haushinsa take ji har wuya, kuma ba ta taɓa son sa kamar a wannan minti ba. Wannan ma wani haushin ne.

Ta riga shi shiga. Ta durƙusa a gaban kujerar Baba, ya zabura.

"Auta? Me ya kawo ki?"

"Baba, na haƙura."

"Da me?"

"Da maganar auren. Ka riƙe nas ɗinka." Hawaye suka ƙwace mata, ta share da bayan hannu, wasu suka biyo. "Miji dai ana samu. Ni uba ɗaya gare ni."

Baba ya kalle ta ya daɗe. Ita ce yarinyar da tun tana rarrafe ba ta taɓa haƙura da komai ba, ko da cokali ne sai an ba ta wanda ta nuna.

Sannu-Sannu ya ƙaraso yana sa safar hannu.

"Baba, yi haƙuri, na tsayar da kai. Kawo hannun, sannu-sannu..."

"Tsaya nan," in ji Baba.

Baba ya zaro hannun daga cikin riga, ya miƙe shi a kan matashi.

"Doguwa, zo."

"Baba, ba sai ka..." Auta ta fara.

"Ke rufe mini baki."

Doguwa ta goge wurin da auduga, ta laluba da yatsa biyu. Allurar farko ta shiga lafiya. Ta biyu ta ƙi. Baba ya runtse ido, gumi ya keto masa a goshi. Sannu-Sannu ya yi taku ɗaya, sannan ya mayar da hannayensa baya ya riƙe su gam.

"Sake," in ji Baba, ido a rufe.

Ta ɗan ja baya, ta gyara, ta tura. Jini ya biyo robar. Na'ura ta kama aiki.

Sai da aka manna filasta Baba ya buɗe ido, ya harari Sannu-Sannu sama da ƙasa.

"Kai kuma tsayuwar me kake yi a kaina? Ba ka san dokar asibitinku ba? Fita! Ka ce wa kawunnanka su dawo ranar Asabar."

Ya fita da baya-baya, har yana tuntuɓe da kwandon shara.

Auta ta kama hannun Baba na hagu. Dariya da kuka suka haɗe mata.

"Haba Baba! Wata huɗu! Da ka gaya mini tun farko..."

Ya kawar da kai wajen taga.

"In ce miki me? Ubanki yana tsoron allura?"