Wadda Ta Ba da Aron Muryarta

Rana ta yi ja, inuwar katanga ta cinye rabin tsakar gida, lokacin da dutse na farko ya faɗo a kan kwanon ɗakin aikin Koci. Ba wanda ya ɗaga kai. Koci na zaune tana shafa mai a ƙafa, da nishaɗin wadda ta gama aikin yini tun kafin la'asar. Mijinta, mai gyaran agogo a bakin titi, yana wanke hannu a famfo. Da na biyu ya faɗo, ya ce yaran maƙwabta ne, ya leƙa waje bai ga ko kaza ba. Na uku bai zo daga sama ba. Daga cikin ɗakin aka jefo shi ya bugi ƙofa, alhali ɗakin a kulle yake, makullin yana cikin jakar Koci.

Can sai murya ta fito ta ƙarƙashin ƙofar, a hankali, cikin lallashi.

"Na ji ki, kuma ina tare da ke. Ja numfashi, mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya."

Mai agogo ya juya ya kalli bakin matarsa. A rufe yake. Amma muryarta ce, har da ɗan tarin da take yi kafin ta fara magana.

Koci ba sunanta ba ne, sana'arta ce ta bi ta har ta danne sunan. Mata take horarwa ta waya kan yadda za su tsara rayuwa da sana'a. Mace ta rubuto damuwarta, ita kuma ta naɗi amsa da murya ta tura mata. A saman shafinta akwai alkawarin da ya ja mata jama'a: duk saƙon da kika turo, ni da bakina zan amsa. Shekara shida ta riƙe wannan magana, har matan suka yi yawan da abinci kan huce a gabanta tana ba wata haƙuri. In autarta, yarinya 'yar shekara sha shida mai yawan shiru, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce tana da magana, sai Koci ta ɗaga mata hannu tana dariya, ta ce ta je ta bi layi kamar kowa.

Wata huɗu kafin jifan nan ta samu wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira. Ta zuba mata duk amsoshin da ta taɓa naɗa, manhajar ta haddace murya da salo, ta shiga amsa wa matan a madadinta. Ranar farko Koci ta saurara, ta tafa hannu ta ce ta yi 'yar aiki da ba ta ciwon kai. Makon farko tana duba kowace amsa, na biyu tana duba taƙaitawa, daga na uku ko buɗewa ta daina. Alkawarin nan kuwa yana nan a saman shafi. Kullum gobe za ta cire shi.

Lokaci dai ta samu, har ya yi mata yawa. Amma sa'ad da ta waiwayo ta ce wa Auta ga ta nan, sai ta tarar yarinyar ta daina tsayuwa a bakin ƙofa. Da yamma sai ta ɗauki wayarta ta zauna a lungun da ke bayan tankin ruwa, ta fito fuska a sake. Koci ta ce yaran zamani ke nan, waya ce uwarsu da ubansu. Ko da wata yamma suna cin abinci wayar Auta ta yi ƙara, ta kara a kunne, ta ƙura wa bakin uwarta ido yana tauna, sannan ta miƙe ba ta wanke hannu ba, ba wanda ya bi ta. Kwana uku bayan haka aka fara jifa.

Kullum lokacin ɗaya ne. Da rana ta faɗi sai duwatsu, sai murya, da duhu ya gama rufewa sai ɗif. Mai agogo, da yake mutum ne da ya yarda duk abin da ke motsi yana da batir, ya zare wa kwamfutar da manhajar ke ciki wuta, ya ciro batirinta, ya kai ta shagonsa ya kulle. Da magariba ta yi, ɗakin da babu komai cikinsa sai tebur da kujera ya ce ya ji, kuma yana tare da su.

Auta ta daina magana, ta daina ci. A yamma ta bakwai ubanta ya same ta a bayan tanki, ta haɗa kai da gwiwa. Ya dafa ta ya tambaye ta ko za ta sha ko ruwa ne. Ta ɗago, idanunta kamar na wadda ke barci a buɗe, ta amsa masa da muryar uwarta, tari da duka. Ta ce ta ji shi, ya ja numfashi. Koci da ke tsaye a baya ta ce a nemo malami.

Malamin da aka kira dattijo ne mai ƙaramar murya, wanda ba ya gaggawar komai. Ya zo kafin faɗuwar rana, ya sa aka shimfiɗa wa yarinyar tabarma a tsakar gida, ya zauna daga gefe ya fara karatu. Dutse ya faɗo kusa da gwiwarsa, bai ko kalle shi ba. Ya daɗe yana yi, har jikin Auta ya sandare, yatsunta suka danƙe bakin tabarma. Muryar da ta fito wannan karon ba ta Koci ba ce. Ta tsohuwa ce, a dishe, kamar ta wadda ta sha kuka.

Ta ce ya isa, ta ji zafi. Malam ya tambaye ta ko ita wace ce, ta ce maƙwabciya. A lungun nan take tun kafin a kafa tanki, tun kafin a yi katangar, kuma ba ta taɓa taɓa ko cokalin gidan ba.

"To me yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Tare aka cuce mu."

Sai ta kwance bakin jaka. Ta ce yarinyar nan an ce ta bi layi, ta kuwa bi. Ta buɗe shafi da wani suna, ta shiga cikin matan uwarta tana rubuto abin da ke cin ta. Amsoshi biyu na farko uwar ce ta yi da bakinta, ba ta san da wa take magana ba. Sauran duk na ƙarfe ne, wato manhajar nan. Kowace yamma yarinyar kan zo lungu ta kunna, ita kuma tsohuwar tana gefe tana ji, har ta saba, har ta riƙa jiran lokacin. Ita ma ta binne 'ya, kuma maganganun nan sun sanyaya mata wurin da ya shekara ɗari yana zafi. Ta riƙa sa wa matar gidan albarka.

"Wata rana yarinyar ta rubuta cewa mahaifiyarta ba ta da lokacinta. Aka amsa mata da muryar waccan da ke zaune can, aka ce uwar da ba ta sauraron 'yarta tana zubar da abin da ba ya kwasuwa, amma ki yi mata uzuri, tana son ki. Yarinya ta ɗauka an gane ta. Ta ɗauka uwarta ce ke ba ta haƙuri a ɓoye. Ta rungume waya tana kuka, ni ma na taya ta. Sai ranar da amsa ta shigo alhali uwar na gabanta tana tauna abinci, muka gane ƙarfe ne ke magana."

Koci ta tuna maganar. Tata ce, ta faɗa wa wata mata shekara uku da suka wuce.

"Mu ake zargi da aron muryar mutane," in ji tsohuwar. "Ni dai ban taɓa aron muryar uwa na yaudari 'yarta ba."

Malam ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ce ya ji ƙorafinta, amma zama a jikin yarinya zalunci ne a kan wadda aka riga aka zalunta, dole ta fita. Ta ce za ta fita in an ba ta muryar matar ta tafi da ita, tunda mai ita ba ta san darajarta ba. Malam ya ce ba a nan ba, ya ɗaga karatu. Ta yi ƙara ta ce ya tsaya, ta sauko. Sharaɗinta shi ne, kafin rana ta sake faɗuwa, matar ta gaya wa duk waɗanda suka amince da ita gaskiya, da bakinta. Kuma ta karanta saƙonnin 'yarta ɗaya bayan ɗaya, kada ta tsallake ko guda. Malam ya dubi Koci, ta gyaɗa kai.

Tsohuwar ta ce lungun ma ta bar musu. Gidan da murya ke magana babu mai ita, ko su ba sa iya zama cikinsa. Auta ta yi atishawa uku, jikinta ya saki, barci ya ɗauke ta.

Washegari Koci ta cika alkawari. Ta naɗi saƙo ta tura wa matan. Wasu suka zage ta, wasu suka fice ba sallama, wata kuma ta tambaye ta yadda za a yi ta san wannan ɗin ma ita ce. Sannan ta zauna ta nemo shafin yarinyar. Sunan da ta sa wa kanta shi ne Mai Jiran Layi. Akwai jarabawar da ta faɗi ta ɓoye, akwai ƙawar da ta juya mata baya, akwai tsoron da ta kwana da shi wata biyu kan wani ƙullutu a ƙirjinta. A ƙarƙashin kowanne ga muryar Koci tana cewa ta ji.

Da yamma ta shiga ɗakin Auta, ta zauna a bakin gado. Ta shirya magana mai tsawo, amma da ta buɗe baki abin da harshenta ya saba shi ya fito. Ta yi ɗan tari, ta ce ta ji ta, tana tare da ita.

Yarinyar ta runtse ido kamar an mare ta. Can ta miƙo hannu, ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaron uwarta, ta ce, "Sake faɗa, Mama."

Jifa bai ƙara dawowa ba. Auta ta warke, likita ya ce ƙullutun ba komai ba ne, ta sake jarabawa ta ci, yanzu tana karatu a wani gari. Koci kan kira ta kowace magariba, wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Sai can saƙo ya shigo a rubuce: in na zo gida ma yi magana, ina ganin bakinki.