Ranar da Zamzam Ta Buɗe Ido a Kan Ruwa

Citta ce shanye a tsakar gidan Iya tun daga bakin rijiya har ƙofar kicin, yajinta na shiga hanci, shi ya sa Zamzam ta samu abin fakewa. Duk wanda ya ga hawaye a fuskarta sai ta ce masa citta ce. Iya kam ba a yi mata wannan wayon. Ta tsufa tana sayar da citta a kasuwar Kafanchan, ta san hawayen citta, ta kuma san na miji.

"Share fuskarki," in ji Iya, ba ta ko ɗago kai daga buhun da take ɗinkewa ba. "Ranar Juma'a za a gama komai. Shi da bakinsa ya ce zai sauwaƙe miki, ba wanda ya sa masa wuƙa a wuya."

Wuƙa dai ba a sa masa ba, amma an yi masa zaryar da ta fi wuƙa ciwo. Jamiluddeen, mijin Zamzam, mai gyaran waya ne a bakin tasha, kowa Injiniya yake ce masa, har ita matar tasa. Ba su daɗe da aure ba ido ya fara damunsa. Ya ɗauka gajiyar leƙen cikin waya ce, ya yi ta ɗiga maganin kemis, kafin a je asibiti likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya ci abin da ya ci. Yanzu rana da dare kawai yake bambancewa. Shago ya rufe. Sai Yaya Ubaidullahi, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu, ya je ya ɗauko ƙanwarsa da sunan ta zo ta huta kwana biyu. Kwana biyun nan ne suka cinye damina guda.

Kada a zalunci Iya, ba muguwa ba ce. Ta yi jinyar nata mijin har bayanta ya ranƙwashe, ta rantse 'yarta ba za ta ƙare ƙuruciyarta a jagorar makaho ba. Zamzam ta yi kuka, ta durƙusa, ta ƙaurace wa abinci, ta ce za ta yi zoɓo da kunun aya ta riƙe gidan. Yaya Ubaidu ya ce soyayyar fim ce ke ɗibarta. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya mata zuciya shi ne shi kansa Injiniyan: bai zo biko ba, bai turo kowa ba, wayarta ma ya daina ɗauka. Saƙo kawai ya aiko cewa bayan an sauko daga masallaci ranar Juma'a zai zo gaban manya ya sake ta, don ba zai zame wa 'yar mutane kaya ba.

Da gidan ya yi mata zafi, sai ta ja mayafi ta tafi shagon Florence. Florence 'yar ma'aikatan jirgin ƙasa ce, iyayenta daga kudu suka zo amma a Kafanchan aka yanke mata cibiya. Atamfa take sayarwa, sannan duk Kirsimeti da Sallah takan cika bas da 'yan kasuwa ta kai su yawon jirgin ruwa a wani dam da ke bayan Kagarko. Ita ce ma ta ba Zamzam da angonta kujera biyu a matsayin gudummawar biki. Hotunan tafiye-tafiyen suna nan manne a bangon shagon, kuma a cikinsu Zamzam ta hango nata: ga ta a ƙunshe cikin jaket ɗin ruwa, ido a runtse gam, Jamiluddeen ya kai baki saitin kunnenta.

Duk wanda ya san Zamzam ya san ba ta shiri da ruwa. Tana 'yar ƙarama santsi ya kwashe ta a rafin da ke ƙasan Matsirga, Yaya Ubaidu ne ya faɗa ya fisgo ta bayan ta sha ta ƙoshi. Tun daga ranar, ko gada mota za ta haye sai ta rufe ido. A jirgin nan kunyar amarci ce ta hana ta gudu. Daga tashi har dawowa ba ta buɗe ido ba, shi kuwa ango bai yi mata dariya ba, ya zauna yana zayyana mata komai a kunne: ruwa shuɗi kamar an zuba bula, wani dutse a dama mai siffar tulu, fararen tsuntsaye jere a kan busassun itatuwa, furanni a gefen tsibiri. Da suka sauka ya yi mata alkawari zai yi ta dawo da ita har sai ranar da ta ga wurin da idonta.

Ta tambayi Florence ko mutane suna komawa.

"Wane komawa?" in ji Florence da irin Hausarta. "Kowa sau ɗaya yana zuwa. Ya ɗauki hoto, ya sa a sitatus, ya gama. Wani shekara sai ya ce mini, Anti, ba wani wuri ne? Wanda ya je don ya gani, ya riga ya gani."

Zamzam ta daɗe tana kallon hoton. Ita ba ta gani ba. Ta kama hannun Florence ta roƙe ta don girman Allah ta ara mata motarta da kanta ranar Alhamis. Florence ta dube ta, ta ga yadda wuyanta ya zuba, ba ta tambayi dalili ba ta ce to.

Daga nan gidan mijinta ta wuce. Ta same shi zaune a kan tabarma, labule a sauke da rana tsaka, gemu ya cika masa fuska, kwanon abincin da maƙwabta suka kawo na gefe ba a taɓa ba. Tun kafin ta yi sallama ya gane takunta. Ya amsa a ciki-ciki, ya ce ta koma kafin Iya ta neme ta, magana ta riga ta ƙare.

"Ba roƙonka na zo yi ba, Injiniya," ta ce. "Juma'a ka yi abin da ka ga dama. Amma har yanzu ni matarka ce, kuma akwai alkawarin da ka yi mini ba ka cika ba. Ka ce za ka mai da ni dam."

Ya yi wata dariya mara daɗin ji.

"Makaho zai je yawon buɗe ido? Me zan je in gani, Zamzam? Ko so kike a taru a kalle ni?"

"Ni ce ban gani ba. Ka kai ni, sai ka sake ni ba nauyina a kanka."

Ya kawo uzuri iri-iri, ta ƙi motsawa daga bakin ƙofa. Jamiluddeen mutum ne da bai iya saɓa magana ba, ta kuma san haka, da nan ta kama shi. A ƙarshe ya ce Allah ya kai mu.

Ranar Alhamis da hantsi suka kama hanya. Florence na tuƙi tana ta surutu don ta kashe shirun, su kuwa kowa ya juya wa ɗan'uwansa kai. Zamzam ba ta ɓoye wa Iya inda za ta ba, ta faɗa mata tana ɗaura ɗankwali, ta fice kafin a samu bakin hana ta. Don haka ba ta yi mamaki ba da suna isa bakin ruwa, Samson mai jirgi na ɗaura musu jaket, sai ga motar Yaya Ubaidu ta tsaya da ƙarfi a bayansu.

Bai yi ihu ba, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan. Ya ce ta sauko su tafi gida. Ta ce ya yi haƙuri, yau ɗaya dai. Ya dubi ruwan, ya dube ta.

"Ke da ko kwata ba kya tsallakewa da ido biyu?" ya ce. "To mu je. Idan kin suma, ni ne dai zan sake tsamo ki." Ya karɓi jaket ya shiga ya zauna a baya, fuska a murtuke.

Inji na tashi jirgi ya yi wani tangaɗi, idon Zamzam ya rufe da kansa. Ƙarar ruwan Matsirga ta dawo mata sabuwa fil, ta ji numfashinta na neman ɗaukewa. Ta ƙanƙame gefen jirgin har farcenta na shiga katako. Da suka yi nisa, sai Jamiluddeen ya tambaya a gajiye, kamar mai son a gama a tashi, ko ta gani yanzu.

Ta ce ta gani. Ta fara jero masa: ruwa shuɗi kamar an zuba bula, ga dutse can a dama mai siffar tulu, ga fararen tsuntsaye a kan busassun itatuwa. Samson ya yi gyaran murya.

"Tsaya," in ji Jamiluddeen. "Wannan ai maganata ce kike mai do mini. Da rani muka zo, yanzu ƙarshen damina ne. Idonki a rufe yake." Ya sauke ajiyar zuciya. "Kin gani? Makafi biyu a jirgi ɗaya. Samson, juya mu koma."

Ta san idan jirgin nan ya juya, ya juya da aurenta ke nan. Ta ji Samson ya rage wutar inji. Ta ji hannun Yaya Ubaidu a kafaɗarta, yana cewa a hankali ya isa haka, ta yi ƙoƙari. Ta kira sunan Allah a zuciyarta, ta saki katakon, ta lalubo hannun mijinta ta riƙe, sannan ta buɗe ido.

Ruwa ne ko ta ina, ba iyaka. Ta ji jiri ya ɗebe ta, hawaye suka ɓalle. Amma ba ta rufe ba.

"Ruwan ba shuɗi ba ne," ta ce, haƙoranta na haɗuwa. "Ja ne, kamar shayin da aka cika wa madara. Dutsenka ruwa ya shanye shi, kansa kawai ya rage, kuma ba ya kama da tulu ko kaɗan. Tsuntsu ɗaya ne tak, baƙi, ya buɗe fukafukai yana shanya su kamar wanki." Ta haɗiye kuka. "Can gefen tsibiri kuma, inda ka ce furanni ne... Injiniya, robobin ruwa ne da leda."

Samson ya kasa daurewa, ya ce Madam, wannan robobin tun farko suna nan.

Sai ga abin da ba a ji ba tun da ido ya tafi: Jamiluddeen ya fashe da dariya, ta gaske, har yana riƙe ciki. Ya ce to me zai ce wa amarya tana karkarwa, ya ce mata ga bola can? Dariyar ba ta ƙare ba ta rikiɗe ta zama kuka. Ya damƙe hannunta da nasa biyun.

"Ci gaba," ya ce. "Me ke bayan tsibirin?"

Ta ci gaba. Ta faɗa masa tsaunukan sun yi kore shar, hadari na haɗowa ta gabas, wata mata na wanke tukwane a ɗaya gaɓar, yaranta na ɗaga musu hannu. Ta ɗaga nasa hannun ya mayar musu. Ba ta iya tsara magana kamarsa ba, tana yi tana tsayawa ta ja numfashi, sau biyu ta leƙa gefe ta yi amai, amma har suka kewayo ba ta ƙara runtse ido ba. Samson ya ce yawancin masu zuwa ba ya sake ganinsu, sai ɗai-ɗai waɗanda suka bar wani abu nasu a wurin.

Aka ɗaure jirgi. Yaya Ubaidu ne ya fara sauka, ya miƙa hannu, ba ga ƙanwarsa ba, ga Jamiluddeen, ya taimaka masa ya taka tudu. Sannan ya koma gefe ya kira Iya a waya. Zamzam na jin sa yana cewa shi ne ya tsamo yarinyar nan a Matsirga, ba wanda ya kai shi sanin tsoronta, kuma yau ya ga ta buɗe ido a tsakiyar dam saboda mutumin nan. Ya ce shi dai ya cire hannunsa, wanda zai iya raba su ya zo ya raba. Yana magana yana goge fuska da hular da ya cire, ga shi kuwa ba citta a wurin.

Ranar Juma'a manya sun taru kamar yadda aka shirya, sai dai ba saki aka yi ba. Iya ta yi faɗanta son ranta, ta ce duk an haɗa kai an mai da ita muguwa, sannan ta shiga ɗaki ta fito da buhun citta da na zoɓo ta dire a gaban 'yarta, ta ce ga jari, kuma kada ta ji an bar mata suruki da yunwa. Idon Jamiluddeen bai dawo ba, rayuwa kuma ba ta yi musu sauƙi dare ɗaya ba. Shi ke zama a shago yanzu yana jan kwastoma da bakin nan nasa, ita tana dafawa tana ƙullawa.

Florence ta ce a duk fasinjojinta su kaɗai ne ke komawa dam duk shekara, har ta daina karɓar kuɗin kujerarsu. Mutane kan yi mamakin abin da makaho ke zuwa nema a can. Wanda ya je wuri don kyansa kawai, gani ɗaya ya ishe shi. Haka ma wanda ya yi aure don lafiya da abin hannu, ranar da suka tafi shi ma ya kama hanya. Iyaye su yi hattara kada tausayin 'ya'yansu ya sa su rushe gidan da haƙuri zai iya riƙewa, ma'aurata kuma su sani, wanda ya zame maka ido ranar tsoronka yana da haƙƙin ka zame masa ido ranar duhunsa.

Har yau Zamzam na tsoron ruwa. Duk sanda inji ya tashi sai ta ƙanƙame hannun mijinta, shi kuma ya karkato da kunne ya ce, "To, Hajiya, me kika gani bana?"