Hannun Da Ke Cikin Fim

Ranar da Zayyanu, malamin kimiyya a wata sakandare a Shagari, ya kai mahaifiyarsa hoton ƙirji a wani ƙaramin asibiti a Boɗinga, ya fara ganin Fiddausi. Ita ke ɗaukar hoton. Da ta miƙa masa takarda ya lura ƙaramin yatsanta a karkace yake, ya koma gida yatsan na ransa.

Wata uku suna waya, yana kiranta Fiddo, sai magana ta ɓulla. Sababbin fina-finan hoton asibitin da ba a taɓa amfani da su ba, in an wanke, sai a ga inuwar hannu dishi-dishi, yatsu a buɗe. Masu shara suka daina shiga ɗakin. Fiddausi kanta, rana tsaka, takan ji kamar ana tsaye bayanta.

Labari ya kai Shagari. Inna, mahaifiyar Zayyanu, ta ce ɗanta ba zai auri mai aiki da mutanen ɓoye ba.

Fiddausi ta tura masa saƙo: “Malamina, yau ma ya fito. Tsoro nike ji. In Inna ta hana, ka bi maganatta.”

Washegari ya hau babur zuwa asibitin. Ya ɗaga fim ɗin a taga, ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ta inda take tsayawa in za ta danna injin. Ta nuna masa bayan wani katako, inda takan dafa kwalin fina-finan.

Ya yi mata bayani a hankali. Hasken eksire da injin ke fitarwa, in ya shiga jikin wanda ake wa hoto, yakan ci karo da ƙananan ƙwayoyin lantarki, ya bar musu wani ƙarfinsa, ya karkace gefe. Zangon igiyar hasken ya ƙara tsawo, ya yi rauni, amma bai mutu ba. Shi ke ratsa katakon.

“Dubi ƙaramin yatsan, Fiddo. Hannunki na. Kullum hasken ga ta jikinki yaka bi.”

Ta zauna a ƙasa.

Da yake hasken na cutar da jiki, aka rufe ɗakin har aka sa bangon dalma mai tare shi. Gwajin jinin Fiddausi ya ɗauki sati biyu, Zayyanu ya rame. Sakamakon ya fito lafiya.

Inna ta zo da kanta, ta ɗora hannun yarinyar a kan fim ɗin, ya zauna daidai. Ba ta saki hannun ba.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a Boɗinga. Da za a tafi da amarya, Inna ta ce, “Allah shi tsare mini ke, ɗiyata, daga abin da muka gani da wanda ba mu gani.” Mata suka amsa da amin.