Ɗakin Amaryar da Ba a Kwana Ciki Ba

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan matana.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To ku matso. Ranar jeren Raihana ce, goggonninta sun sauke gado da kwalla a ƙofar sabon ɗaki a Garuwa ta ƙasar Kamaru, sai ga ango Zaharaddin ya danna wa ƙofar kwaɗo ya tsaya a gabanta.

"Ba mai sa tsintsiya a ɗakin nan!"

Labari na isa gida, Raihana ta haye moto, wato babur ɗin haya, lalle ko bushewa bai yi ba a hannunta.

"Zahar... me na yi maka?"

Ya buɗe baki zai amsa, tari ya sarƙe shi har sai da ya dafa bango.

Shi fa kafinta ne. Tun yana ɗan mitsitsi yake riƙe wa ubansa irin tsohon kwanon rufin nan mai ruwan toka, na siminti, ana yankawa da zarto, ƙura na yi musu fari fat kamar 'yan nika. Da irinsa ya rufa ɗakin amaryarsa, don ba ya zafi kamar kwanon ƙarfe. A tsakar ɗakin ma ya yanka.

"Daga lopital nake, asibiti," ya ce da kyar. "Likita Madam Véronique ta haska ƙirjina. Ƙurar kwanon ce, Raihanata, amiyant suke ce mata. Ta kwanta a huhuna tun yarinta, yanzu ta farka."

"Sai a sha magani mana!"

Ya girgiza kai.

"Ba ta fita. In goggonninki suka share ɗakin nan, ita za su shaƙa. Ke kuma ki kwana cikinta... ban yarda ba. Ki koma gida, na yafe auren."

"Ni ban yafe ba!"

Kafin la'asar Taufiƙ, ɗan mai shagon atamfa da ya daɗe yana hangen Raihana, ya isa wurin mahaifinta Alhaji Sulaimanu a kasuwar shanu, ya ce ai tarin fuka ne, duk gidan zai ɗauka.

"An fasa!" in ji Alhaji.

Raihana ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa. "Baba, ka je ka ji daga bakin likita. In ana ɗauka, na haƙura."

Ya je. Madam Véronique ta ce ba a ɗauka daga mutum, amma kada ta ɓoye masa, wannan bawan Allah da wuya ya wuce damina mai zuwa.

"Kin ji ko? Takaba za ki aura."

"Na ji, Baba. Wa zai riƙe masa kofi in tarin ya taso?"

Sai Alhaji ya sa aka gyara ɗakin baƙi na gidansa.

Aka ɗaura aure, nan suka tare. A zaune Zahar yake barci, ta jingina shi da kafaɗarta. Wata safiya ya kama hannunta.

"Hasken idona... lokacin da kike kawo min fura ina yankan kwanon nan, kina kakkaɓe min kai da mayafinki... me ya sa na bar ki?"

"Ba ka sani ba, angona."

"Ki yafe min."

"Sha kununka, kada ya huce."

Gero na fitar da kai, Zahar ya cika, kansa a cinyarta.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Taufiƙ ya auri wata a garin Kuseri. Alhaji Sulaimanu ya hana kowa taɓa ɗakin amaryar nan mai ƙura, makullin ma ya jefa shi a kogin Binuwai. Raihana ta haifi namiji, aka mayar masa da sunan uba. Tana nan lafiya lau, tana sayar da kifin dam ɗin Lagdo. Sai dai har yau, in tari ya ɗan kama ta, takan ajiye abin da ke hannunta, ta yi shiru, tana sauraron ƙirjinta.