Cincin Mai Fara

Ranar kasuwar Kazaure suka fara haɗuwa. Musaddiƙ yana jera ledojin cincin ɗinsa a kan tebur, sai ga wata budurwa ta tsaya ta ɗauki guda tana jujjuyawa.

"Malam, ka rubuta mai gina jiki, amma ba ka faɗi abin da ke ciki ba."

"Gero ne da waken suya," ya ce, ya haɗiye sauran maganar. Akwai garin fara a ciki, shi ne ma ƙarfin cincin ɗin. Sai dai ya ji nauyin gaya wa wannan kyakkyawa cewa shi da digirinsa dakan fara yake yi.

Sunanta Barira, 'yar Malam Haladu na Roni, tana aiki a wani ɗakin gwajin abinci. Ta ɗanɗana, ta yi murmushin da ya bi shi har gida. Kafin a yanke gero yana ce mata Sanyin Idona, ita kuma tana tsokanarsa da Ɗan Cincin.

Da ya je gaida mahaifinta, ya tafi da kwali guda na cincin. Malam Haladu ya karɓe shi a zaure da fara'a, ya buɗe leda ya ci yana sa albarka. Ba su gama gaisawa ba leɓɓansa suka kumbura, borin jini ya feso masa a wuya, numfashi ya fara sarƙewa. A gigice aka kwashe shi zuwa asibiti.

Likita ya tambayi abin da ya ci. A gaban kowa, Musaddiƙ ya ce da muryar da shi kansa da ƙyar ya ji, "Akwai fara a ciki."

Mahaifiyar Barira ta saka salati. "Fara? Malam da tun yana yaro ba ya kusantarta!"

Barira ta dubi Musaddiƙ. Ya gwammace ƙasa ta tsage.

Allah ya sa da sauran kwana. Amma da Malam ya dawo gida, magana ɗaya ya yi: "Wanda ya ɓoye abin da ke cikin leda, me zai ɓoye a cikin gida?" Sai Falalu, ɗan ƙanen Malam da shi ma ke son Barira, ya samu ƙofa. Ya riƙa sintiri gidan, yana ba da labarin surukin da ya kai wa baba ajali a kwali.

Musaddiƙ ya daina fita. Ya rubuta saƙo ya goge, ya sake rubutawa:

"Sanyin Idona, ba ni da fuskar da zan dube ki da ita."

Amsa ta zo:

"Ba farar ce ta ƙona min rai ba. Na tambaye ka, ka ba ni rabin amsa. Kawo min garin nan wurin aiki."

Ya kai mata, kansa a ƙasa. Ta zuba garin a wani ruwa mai tsami da aka haɗa kamar na cikin mutum. Da sakamako ya fito ta kira shi.

"Yawancin sinadarin furotin na fara yana dagargajewa a ciki ya zama abin gina jiki. Wani kuwa mai taurin kai ne, ya wuce bai narke ba, jikin wasu mutane sai ya ɗauke shi abokin gaba. Ga naka nan, akwai wanda ya ƙi narkewa. Gwajin alama ce kawai, ba hukunci ba. Ni na ci ban ji komai ba, Baba kuwa ya kusa tafiya. Wanda jatan lande ke tayar wa bori ma yana iya faɗawa."

Musaddiƙ ya ce, "Barira, cincin ɗin yana shaguna. Yara suna saya."

"To me kake jira?"

Ya hau babur. Kazaure, Gwiwa, Babura, har Kanya Babba, shago-shago yake bi yana kwashe kayansa, yana faɗa wa masu shagon dalili da bakinsa. Wasu suka yi masa dariya, wasu suka ce kada su ƙara ganinsa. A kasuwar Roni yana tsaka da bayani, bai san Malam Haladu na zaune a rumfar da ke bayansa ba.

Aike ya same shi: Malam na kira. Ya durƙusa a zauren nan, ya miƙa sabuwar leda da aka rubuta komai a jikinta, har da gargaɗi da manyan baƙaƙe.

Malam ya karanta a hankali. "Na ji ka a kasuwa. Ba kowane namiji ke iya tona wa kansa asiri don 'ya'yan wasu ba. Turo magabatanka."

Bayan babbar sallah aka ɗaura aure. Ana shafa fatiha saƙon amarya ya shigo:

"Ɗan Cincin, na zama taka. Allah ya bar mu tare."

Jama'a na ta miƙo hannu, amma da Musaddiƙ ya iso gaban surukinsa sai ya sake sunkuyawa. Malam Haladu ya kamo hannunsa ya riƙe.

"Ɗago kanka, ɗana. Kunyar ta isa haka. Allah ya yi muku albarka."