Takalmin da Arzika Ya Ɗinka wa Habi

Ƙudaje sun yi baƙi a kan ƙafar Habi, tana zaune bayan garken awaki, inda baffanta Kalla ya kafa mata bukka tun da mahaifinta ya rasu ya bar mata shanu. Da karkatacciyar ƙafa aka haife ta, gefenta take takawa, amma kullum haka ake tura ta rijiya babu takalmi, cikin ƙaya da ƙarangiya, har wurin ya tsage ya zama gyambo. Wayyo wari! Ita kanta in ta kwance tsumman da ta ɗaure ciwon sai ta juya fuska... Kowace safiya Uwale, matar Kalla, takan toshe hanci da bakin zane, ta cusa mata wani baƙin ƙulli cikin ciwon wai magani, sannan ta turo mata ɗumame da ƙafa a sakainar da kare ke lasa.

"Inna, don Allah, maganin ga zahi shika ƙara mani," in ji Habi tana kuka.

"Ruhe mani baki, kuturwa! Mi kika sani?"

Kuturwa! Sunan da Kalla ya bi garin Dakoro yana yaɗawa ke nan, don a kore ta zuwa ƙauyen kutare shanun su zama nasa. Mata suka daina bari guganta ya taɓa nasu, wasu har tofar da yawu suke in ta gifta. Ba ta da wurin kai ƙara sai sama: "Ya Allah, Kai kana gani..."

Ranar wata kasuwa, Arzika baduku ya bi sawunta mai jini a kan rairayi har ya iske ta. Tsohon soja ne, a yaƙin Nasara ya koyi ɗinka wa masu raunin ƙafa takalma.

"Ɗiyata, zamna in ga ƙahwar nan."

Bai toshe hanci ba. Ya sa ruwan ɗumi ya wanke, sai ga tsutsotsi suna wutsil-wutsil, ga kashin jaki kwaɓe da barkono! Ya kawar da kai idanunsa jajur. "Innalillahi! Ɗan Adam ya yi wa ɗan Adam wannan ƙazanta?" Ya sa ta taka ɗanyen yumɓu ya ɗauki siffar ƙafar, ya yanko tsohuwar tayar mota ya ɗaga gefe guda, ya ƙwaƙule daidai gyambon don kada ya taɓa ƙasa, ya shimfiɗa fatar akuya mai laushi, ya ɗinka mata takalmi. Ya ce wa Habi da zarar Uwale ta juya baya, ta wanke ƙullin daga ciwon da ruwan gishiri. Ran da ta fara takawa ba ta ji zafi ba, sai ta durƙusa ta fashe da kuka.

Wata biyu gyambon ya fara haɗewa. Hankalin Kalla ya tashi, ya ja Habi har bariki gaban kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya ce a raba gari da annoba. Kumandan ya kira anfirmiye, malamin asibiti, shi kuwa ya bi yatsunta ɗaya-ɗaya yana soka allura, kowanne sai ta zabura.

"Kuturu ba shi jin allura," in ji anfirmiye. "Yarinyar ga lahiya lau take."

Nan Arzika, da ya biyo su, ya kwance ganye ya ajiye ƙullin da ya adana, ya ce abin da Uwale ke cusa mata ke nan. Wari ya game zauren, gardi mai tsaron ƙofa ya fita yana kelaya amai. Uwale ta ɗora hannu a ka: "Walla shi ya sa ni! Kalla na!"

Aka tasa ƙeyar Kalla zuwa kaso, jama'a na binsa da tir, alƙali ya mayar wa Habi shanunta. Uwale ta rarrafo cikin ƙasa, majina da hawaye shaɓe-shaɓe, ta riƙe ƙafar yarinyar tana roƙon gafara.

Habi ta dube ta.

"Na yahe miki don Allah, Inna. Amma saki mani takalmi, kada ki ɓata mani shi."